Dev Anand ya faɗi komai, namu sun tafi da nasu a ciki

Mai gidan da nake haya a birnin Pune na Indiya dattijo ne, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa. Ranar da ya ji cewa a Kano da fina-finan Indiya muka taso, iyayenmu sun sha bin layi a Plaza da Eldorado da Marhaba, sai ya tashi da kansa ya ɗauko mini tarihin rayuwar Dev Anand, wanda jarumin ya rubuta ya sa masa suna Romancing with Life. Da na gama na mayar masa, muna zaune a baranda muna kurɓar shayinsu mai citta a 'yan mitsi-mitsin kofuna, sai ya ce, "To ɗana, cikin 'yan wasanku wa ya rubuta irin wannan? Kawo mini in karanta." Na yi ta laluben suna. Jikansa da ke gefe yana danna waya ya ce, ai wanda bai rubuta rayuwarsa ba, wataƙila ba abin da ya faru a cikinta ne. Kakan ya daka masa tsawa, amma magana zarar bunu ce.

Ba zan ɓoye ba, littafin ya burge ni. Yaro ne ɗan Punjab, haihuwar 1923, ya karanta Turanci a Lahore, ya sauka Bombay ba shi da kowa sai burin zama ɗan wasa. Lokacin yaƙin duniya na biyu ya samu aiki a ofishin soja inda ake tace wasiƙun da sojoji ke aika wa iyalansu, yana wuni yana karanta begen mutanen da bai taɓa gani ba. Fim ɗinsa na farko a 1946 nan Pune aka yi shi, a kamfanin Prabhat, kuma filin yana nan har yau, ya zama makarantar koyon fim ta ƙasa. Titin ma sai ka gani: manyan itatuwa sun rufe sama, 'yan a-daidaita-sahunsu na ta ƙara, ɗalibai maza da mata da jakunkunan kyamara, wasu zaune gindin wani tsohon mangwaro suna musu kan fim ɗin da aka yi kafin a haifi iyayensu. Gaba kaɗan akwai ma'adanar fina-finai ta ƙasa da aka kafa a 1964, inda suke adana faya-fayai a ɗakuna masu sanyi, da fastoci, har da 'yan littattafan waƙoƙin da ake sayarwa a ƙofar silima. Shi kansa littafin, Firaminista Manmohan Singh ne ya ƙaddamar da shi a 2007, marubucin yana da shekara 84. Wannan girmamawa ce, kuma sun fi mu nan, na yarda.

Inda na tsaya shi ne batun mata. Ya ba da labarin soyayyarsa da Suraiya, wadda ta riga shi yin suna, Musulma, shi kuwa Hindu. Kakarta ta ce ba za a yi ba, kuma ba a yi ba. Ya rubuta yadda ya kifa kansa a kafaɗar wansa Chetan yana kuka. Duk wanda ya taɓa rasa wadda yake so zai ji wannan a ƙirjinsa, ni ma na ji, duk da na san a addini tsohuwar ce ke kan daidai. To amma shi ya yi aure a 1954, ya haifi 'ya'ya. Suraiya ba ta taɓa aure ba har ta rasu a 2004, shekara uku kafin littafin ya fito. Ba ta nan balle ta ce a'a, ba haka aka yi ba.

Jarumar fim Zeenat Aman kuwa tana raye. Ya rubuta cewa ya kamu da sonta, ya shirya ya faɗa mata, sai ya ga jarumi Raj Kapoor ya rungume ta a wajen wata liyafa, ya janye. Mace tana zamanta, da 'ya'yanta, sai ta wayi gari jaridu na yawo da sunanta. Sai a 2023 ta fito a Instagram ta ce ya yi wa abin mummunar fahimta, tsakaninta da Raj Kapoor aiki ne kawai, kuma abin ya ƙona mata rai ya kunyata ta. Lokacin shi ya daɗe da mutuwa, tun 2011 a Landan. Wa zai gyara mata shafin?

Abin da na so in faɗa wa jikan mai gidan ke nan, bakina ya yi nauyi. Shirunmu ba rashin labari ba ne. Dattijon ɗan wasa a Kano ko Kaduna ya yi samartaka, ya so wata an hana shi, ya ga ranar da ba ya iya ratsa kasuwa don jama'a. Amma wadda ya so ɗin yau matar wani ce, kakar wasu ce, kuma gobe zai haɗu da mijinta a wajen jana'iza su gaisa. Ya fi son ya mutu da abin a cikinsa da ya sa jikokinta su sunkuyar da kai. Ni dai na zaɓi wannan, ko sau nawa za a tambaye ni. Nan suna ce wa abin gaskiya da ƙarfin hali. Gaskiyar da wani zai biya kuɗinta da mutuncinsa, ba taka ba ce kai kaɗai da za ka kai ta kasuwa.

Sai dai tun ranar ban daina tunanin Samanja ba. Usman Baba Pategi ya yi soja, ya yi aikin gidan rediyo da talabijin a Kaduna, ya sa Arewa kaf dariya shekara da shekaru, ya rasu a 2023. Kasimu Yero ya tafi a 2017, Rabilu Musa Ibro a 2014. Ba labarin 'yammatansu nake nema ba. Ina so in ji yadda ake haɗa wasa a wancan zamani, wa ya koya musu, nawa ake biyansu, me iyayensu suka ce ranar da suka ji ɗansu ya zama ɗan wasan kwaikwayo. Babu tonon asirin kowa a cikin wannan. Mujallar Fim ta yi ƙoƙari tun 1999, Allah ya saka musu, amma hira ta shafi uku ba ta ɗauke rayuwar mutum. Fim ɗin Shaihu Umar na 1976 ma, sai da aka tsinto faya-fayansa a wani tsohon gini a Legas, aka gyara shi a Jamus, aka nuna a Berlin a 2018. Namu ne, da harshenmu, amma sai da wasu suka share masa ƙura.

Ina da kawu da ya yi sayar da tikiti a wata silima a Kano yana saurayi. Ya san daren da ake sa fim ɗin Indiya, ya san waɗanda ke haura katanga, ya san malaman da ke zagin silima da rana alhali almajiransu na ciki da dare. Muna yara in ya fara ba da labari a zaure bayan isha'i, sai an aiko an kore mu mu kwanta. Na kira shi makon jiya na ce, "Kawu, don Allah ka riƙa turo mini labaran nan ta waya, in rubuta." Ya yi dariya ya ce shi ba ya hira da ƙarfe, in ina so in dawo gida in zauna a tabarma kamar kowa. Ya haura saba'in, ga hawan jini, ni kuma karatuna da saura.