Dubun da Ba Su Zo Ba

Kun san yadda aka yi a 2021: filin wasan Baba Yara na Kumasi a rufe ana gyara, ƙungiyarmu ta ƙwallo Asante Kotoko ta gama yawon haya a Accra, aka ce wasannin gida sun koma filin Len Clay a Obuasi. Gidan AshGold fa, ƙungiyar garin! Mu da muke takawa da ƙafa daga unguwar Aboabo zuwa Baba Yara, ga mu cunkushe a motar haya, wato trotro, ni da wani mutumina mai facin taya.

A Baba Yara ko ido rufe na san wurina. In na shiga ƙofa sai in yi dama, in hau matakala, in zauna bayan dattijon nan mai rediyo a kunne. Shekara da shekaru haka nake yi. To ƙafa ba ta san an canza fili ba. Na shiga, na yi dama, na hau, na zauna. Ban ma lura babu jar rigar Kotoko ko ɗaya a kusa da ni ba.

Da yaranmu suka fito sai na miƙe, na cika ƙirji da iska, na kwarara: "Kum apem a!"

Shiru.

A gida kafin ka rufe baki an amsa maka "apem beba", ka kashe dubu, dubu za su zo. Nan kuwa har muryar mai sayar da ruwan leda ina ji daga can ƙasa. Na ce ko ba su ji ba ne, na sake, wannan karon har da ɗaga hannu biyu. Wani yaro ya daina tauna rakensa yana kallona. Ashe tsakiyar 'yan gari na faɗa, waɗanda suka sayi tikiti musamman don su ga an ci mu.

Sai wani tsoho mai hula ya jawo gefen rigata, da Hausarsa tas: "Zauna, ɗana. Dubun ba su samu mota ba."

Wallahi har yanzu ina jin dariyar nan. Na ce masa, "Baba, ai yau mu ne masu gida." Ya ce, "To sannu da zuwa, mai gida. Ka san inda bayi yake?" Ban sani ba. Shi ya nuna mini.

Amma duk wannan bai ƙona mini rai kamar mai facin taya ba. Mutumin da na biya wa kuɗin mota, ya ci wake da shinkafata a tasha, yana can tsallake cikin jajayen riguna yana hangena, bai ko ɗago hannu ba. Waya ya ɗaga yana ɗauka. Ɗan Hearts ne a zuci, abokan hamayyarmu na Accra, na daɗe ina faɗa, ku ne ba ku yarda ba. Sidi ashirin ɗina kuma na nan a wuyansa.

Wasan ma ban tuna yadda ya tashi ba. Tsohon dai ya ba ni goro.