Da me aka je aiki a Montgomery kwana 381?

Wani ɗan'uwa ya rubuto daga Kano wai zanga-zangarmu ba ta tasiri ne don ba mu da irin su Rosa Parks. Maganar ta sosa mini rai. Ƙasar da ta haifi Gambo Sawaba, wadda aka ɗaure sau 16, ba ta rasa masu zuciya ba.

A nan Amurka ma taƙaita labarin ake yi: Rosa Parks, baƙar fata, ta ƙi tashi ta bar wa farar fata kujerar bas a birnin Montgomery ran 1 ga Disamba 1955, shi ke nan. Alhali a daren da aka kama ta, Jo Ann Robinson kwana ta yi tana buga dubban takardun kiran a ƙaurace wa bas da injin kwalejin da take koyarwa. Ran Litinin 5 ga wata baƙar fata suka fara ƙaurace wa bas, har kwana 381, kuma su ne kusan kashi uku cikin huɗu na fasinjoji.

To da me za a je aiki? Direbobin tasi baƙar fata suka koma karɓar santi 10, kuɗin bas. Hukuma ta tono dokar da ta hana karɓar ƙasa da santi 45. Sai aka haɗa motocin jama'a kusan 300, da tashoshi da jadawali da masu tura direbobi. Aka soke musu inshora, suka samo ta Lloyd's a Landan. Georgia Gilmore da ƙawayenta suna soya kaji suna gasa kek su sayar, su kai cinikin taron coci a sayi mai. Tun Fabrairun 1956 kuma lauya Fred Gray ya shigar da ƙara kan wariyar launin fata a bas, har Kotun Ƙoli ta ba su gaskiya ran 13 ga Nuwamba, ranar da kotun gari ke hana motocin nan aiki.

Ba a kan tabarma suka samu ba, har bam aka jefa gidan jagoransu Martin Luther King. Amma suna da asusu.

Mu fa? A Janairun 2012 da Agustan 2024 an fita zanga-zanga a Najeriya. Mai adaidaita sahu da ɗan garuwa, masu nema yau su ci yau, wa ya tanadar wa iyalinsu cefanen rana ta uku? Kuma mun iya adashi, mun iya gudunmawar biki. Wanda za a damƙa wa kuɗin jama'a a kwanta barci ne ya yi mana wuya. Ko ƙungiyoyinmu na nan ƙetare, da daloli a hannu, rigimar ma'aji ce ke wargaza su.