Kafin mu guji sabuwar allurar maleriya, mu san abin da ke cikinta

Jama'a, akwai wani saƙon murya da ke yawo a WhatsApp, wai sababbin alluran rigakafi akwai ƙananan na'urori a cikinsu da ake kira nano, masu bibiyar mutum duk inda ya shiga. Maƙwabciyata a Tudun Wada ta saurare shi, ta rantse jikanta ya daina zuwa awo. Abin ya tsaya mini a rai.

Ban ga laifin mai tsoro ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Ba mu manta da 1996 ba, lokacin da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan kan yara masu sanƙarau a Kano, 11 daga cikin yaran suka rasu. Amma mu tuna 2003 ma, da aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano da Zamfara da nan Kaduna. Yaran da suka shanye a lokacin yau samari ne, muna ganinsu kan keken guragu.

To mene ne wannan nano? Ƙwayoyi ne ƙanana ƙwarai, sai an jera ɗaruruwansu kafin su kai kaurin silin gashi ɗaya. Ba waya, ba batir. A allurar korona ta Pfizer da Moderna, ɗan ƙunshin maiƙo ne da ke ɗauke da saƙon da zai koya wa garkuwar jiki gane cutar, don in babu shi saƙon zai lalace kafin ya isa. Ya gama aiki, jiki ya narkar da shi. A wasu alluran kuwa, ƙwayar sunadari ce da aka gina ta yi kama da ƙwayar cuta amma cikinta fanko, ba ta iya hayayyafa. Allurar ciwon hanta da ake yi wa jarirai ranar haihuwa irin wannan ce, tun 1986 ake amfani da ita. Haka ta sankarar bakin mahaifa da aka fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 a Najeriya a 2023. Wato 'ya'yanmu sun daɗe suna karɓar irin wannan allura, kuma ga su nan lafiya lau.

Wadda na fi jin tsoron a guje mata ita ce ta maleriya, R21, da Jami'ar Oxford ta ƙirƙiro, ake sarrafa ta a Indiya. A kan wancan sunadarin na allurar ciwon hanta aka ɗora ta. Najeriya ta fara yin ta a Kebbi da Bayelsa a Disambar 2024. A gwajin da aka yi a wuraren da zazzaɓi ke zuwa da damina, irin namu, ta rage kamuwa da kusan kashi 75 cikin ɗari a shekarar farko. Duk wanda ya shiga ɗakin yara a asibiti cikin watan Agusta ya san nauyin wannan adadi: yara biyu kan gado ɗaya, wannan yana jijjiga, wancan tafin hannunsa fari fat, uba yana zagaye neman mai ba da jini. Fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na masu mutuwa da maleriya a duniya 'yan ƙasarmu ne, yawancinsu ba su kai shekara 5 ba.

Ga hukuma kuma, wallahi bai isa a turo ma'aikata da akwatin ƙanƙara a ce "ku fito da yara" ba. A hau rediyo a yi bayani da Hausa, a zauna da limamai da ungozomai da masu unguwanni, a faɗa wa iyaye gaskiya cewa yaro zai iya yin zazzaɓi na kwana ɗaya ko biyu bayan allurar, kuma ba ta hana kwana cikin gidan sauro. A gaya musu sau huɗu ake yi, a wata 5, 6, 7, sannan 15, a rubuta ranar dawowa a jikin kati yadda uwa za ta gane.