Samarin Zango, Gota Ba Bola Ba Ce

Assalamu alaikum ƙannena na Nima da Maamobi da Sabon Zango a birnin Accra na ƙasar Ghana. Ruwan da aka yi cikin makon nan ya sake tona mana asiri. Hadari na haɗuwa, kafin ɗigon farko ya taɓa kwano, an fara fitowa da buhunan shara ana jerawa a bakin babbar gotar Nima. Ruwa na kecewa aka shiga tuttulawa: ledar fiya wata, robobin waake, tsummokara, kunzugun jarirai, har da tsohuwar katifa. Kuma ba tsofaffi ne ke wannan aiki ba, majiya ƙarfi ne masu manyan wayoyi a hannu. Wai ruwa zai tafi da ita. Ya tafi da ita ina?

Wannan da kuke kira gota rafi ne aka yi wa bango da siminti. Yana gangarawa ya haɗu da kogin Odaw a wajen Circle, wato mahaɗar tituna ta Kwame Nkrumah. Shi Odaw daga tsaunukan Akwapim ya taso, ya ratsa Achimota da Alajo da Avenor, ya wuce Agbogbloshie, ya zuba a tafkin Korle, sannan teku. Buhun da ka jefa ba ya kaiwa can lafiya. Yana zuwa ƙarƙashin gada ta farko sai ya maƙale, leda ta tare yashi, yashi ya tare itace da kwalabe, cikin minti kaɗan an gina madatsa. Ruwan da ya rasa hanya kuwa ba ya tsayawa jiran kowa, ɗakin wani bawan Allah yake shiga. Komai nisan jifa ƙasa zai faɗo.

Ga lissafin da ba ma yi. Ruwan sama mai zurfin milimita 50 idan ya sauka a kan rufin da ya kai murabba'in mita 100, lita 5,000 ke nan, wato jarkar ruwa da muke kira galan ɗin Kufuor mai lita 25 har guda 200, daga gida ɗaya tak. Da can ƙasa da ciyawa da fadama ke shanye mafi yawansa su riƙa sakinsa a hankali. Yanzu kowa ya shafe tsakar gidansa da siminti da tayil, an cike fadamu an yi shaguna, kuma ƙidayar 2021 ta nuna yankin Greater Accra ya haura mutum miliyan 5. Duk ruwan nan lokaci guda yake rugawa gota. A daidai sa'ar da gota ke buƙatar kowane taku na faɗinta, a nan ne kai kuma ka ga damar cusa mata katifa.

Shin mun manta daren 3 ga Yunin 2015? Odaw ya cika ya batse, mutane suka fake a gidan mai na Circle, man da ya malalo kan ruwa ya kama da wuta, sama da mutum 150 suka rasu. Shekara guda kafin nan, a 2014, kwalara ta kashe fiye da mutum 200 a ƙasar nan, kuma Accra ce ta fi jin jiki. Duk da haka har gobe akwai mai haɗa bututun bayan gidansa kai tsaye da gota, akwai mai ƙulle kashi a baƙar leda ya wurga da asuba, sannan ya yi alwala ya shiga sahun gaba. Manzon Allah (SAW) ya gargaɗe mu da abubuwa uku masu jawo tsinuwa: bahaya a mashayar ruwa, da tsakiyar hanya, da inuwar da ake hutawa. Wane malami ne bai karantar da wannan ba?

Shi kansa kogin mun kashe shi. Ƙazanta da ragowar abinci idan sun shiga ruwa, ƙwayoyin cuta ne ke cin su, suna ci suna zuƙe iskar da kifi ke shaƙa. Kifi na son kamar miligiram 5 na wannan iska a kowace lita. In ta ƙare sai ruwa ya yi baƙi, ya riƙa warin ruɓaɓɓen ƙwai, irin wanda ke sa ka toshe hanci a gadar Korle. Ruwa ba ya tsami banza. Ga baƙin man da makanikai ke juyewa, yana shimfiɗuwa a saman ruwa ya hana iska shiga. Kifi da kwaɗi sun tafi, sauro ya gaje wurin, shi da kwana bakwai zuwa goma sun ishe shi daga ƙwai ya zama mai cizo.

Kada wani ya ce mini babu kuɗin ba mai aboboya, babur ɗin kaya mai taya uku, ya kwashe shara. Kuɗin cacar ƙwallo a waya daga ina yake fitowa? Na tiramol fa? A zauna majalisar ataya tun la'asar har tsakar dare ana zagin gwamnati a kan ambaliya, kwalin madara da ledar sukarin kuma a cilla su gota ta baya. Hukuma na da nata laifin, ba na musu, amma yasar Odaw da ake ta yi da manyan injina ba za ta yi amfani ba muddin muna mayar da abin da aka kwashe. Ku ɗaure shararku ku ajiye har mai kwasa ya zo, ku hana na kusa da ku. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Dattawan ƙabilar Ga, 'yan asalin Accra, suna ba da labarin lokacin da ake jefa koma a Korle a fito da karfasa da ƙaguwa. A zangon nan ma akwai zamanin da iyayenmu mata ke share ƙofar gida kafin rana ta fito, yaro ya yar da ɓawon lemo a hanya kowane babba ya tsawata masa, uwarsa kuma ta je ta yi godiya. Yau ka yi wa yaro magana a bakin gota, uban ne zai fito ya tambaye ka ko gotar ta gidanku ce.