Ƙannena, kwali kaɗai ba zai riƙe muku aiki ba

Duk wanda ya yi wayo kafin wayar salula ta shigo Najeriya a 2001 ya san masu keken rubutu da ke zama a bakin kotu da gidan waya. Mutane ne masu rufin asiri, har layi ake bi kafin su buga wa mutum takardar koke ko ta rantsuwa. Waɗanda suka koyi kwamfuta a cikinsu sun buɗe shago, sauran kuwa sun naɗe tabarma. Kada ku ce lalaci ne. Sun dai ɗauka abin da suka iya zai kai su har tsufa.

Ku leƙa gareji ku gani. Ubangidan da ya ƙware a kabureta, wanda da jin kukan inji ya san ciwon mota, yanzu sai ya aika a kira yaro mai na'urar da ake jona wa mota ta faɗi abin da ke damunta. Minti goma yaron zai yi ya karɓi kuɗinsa, ko baƙin mai bai taɓa ba. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, aikin juya motoci su koma amfani da gas ya buɗe, amma makanikai nawa ne a unguwarku suka je koyo?

Ku ma 'yan ofis kada ku yi dariya. Tun ƙarshen 2022 ChatGPT, manhajar da ake ba umarni ta yi rubutu da kanta, ke rubuta wasiƙa kafin mutum ya shanye shayinsa. In dai aikinka bai wuce tsara wasiƙa da kwafe lissafi ba, to zauna ka yi tunani.

Sai dai ban ce ku bi kowane kwas da ake tallatawa a WhatsApp ba, da yawansu kuɗinku kawai suke so. Kowa ya dubi sana'arsa, ya gano ɓangaren da na'ura ta fara ci, ya koyi sarrafa wannan na'urar. Akawu ya iya manhajar lissafi ta Excel da gaske, ba buɗewa da rufewa ba. Datar da ke ƙarewa a TikTok ta isa darasi ɗaya a YouTube kullum.

Abin da ya fi hana mu koyo kuwa girman kai ne, don sau da yawa wanda zai koya maka ɗan cikinka ne. Ka saya masa lemo, ka jawo benci ka zauna kusa da shi, ka ce ya nuna maka inda ake dannawa.