Gadon wutar Sin da gadon ƙasarmu: bambancin yana wurin hayaƙi

A ƙauyukan lardin Liyawnin, can arewa maso gabashin Sin, sanyin Janairu kan kai digiri 20 ƙasa da sifiri, kuma abin da ke riƙe da mutane shi ne gadon da suke kira kang. Dakali ne na bulo, tsayinsa kamar santimita 60, cikinsa rami. Murhun yana ɗakin girki, bayan bango. Ana hura wutar abinci da karan masara ko totuwa, hayaƙin ya ratsa ƙarƙashin gadon, ya fita ta bututun da ya zarce rufin gida. Wuta ɗaya, aiki biyu.

Tsohon ginin yana zaune ne daram a ƙasa, ƙasar kuwa sai ta shanye zafin. Gyaran da ya bazu daga wannan lardi tun shekarun 1980 shi ne a ɗaga gindin gadon a kan 'yan ginshiƙai, a bar sarari kamar santimita 25, don sama da ƙasansa duka su ɗumama ɗaki. Sauran gyaran ƙanana ne, amma su ne aikin. Gefen gadon da ke kusa da murhu yakan yi zafi har ya ƙona tabarma, ƙarshen kuma ya zauna da sanyi, shi ya sa ake kaurara yaɓen laka a wajen murhu, a rage shi a ƙarshe, a kuma jera bulo a ciki don ya baza hayaƙin. A gindin bututu ana sa farantin ƙarfe mai zamewa. Idan garwashi ya mutu kurmus sai a rufe, in ba haka ba iska ta zuƙe ɗumin kafin asuba. Wanda ya yi gaggawar rufewa ya tara gubar garwashi a ɗakinsa. Kunkunniya ma tana toshe hanya, dole a buɗe a kwashe, a liƙe duk tsagar da ta bayyana.

Mu ma muna da gadon ƙasa na tsofaffi, mai kogon zuba garwashi lokacin hunturu. Aibinsa ɗaya: bakin wutar yana cikin ɗaki, babu mafitar hayaƙi, daidai da kaskon da ake kwana da shi ƙofa a rufe. A ganina Jos da Mambila ba sa buƙatar katafaren kang, sanyinmu bai kai can ba, kuma a bazara zai zama azaba. Ƙaramin gado ya isa, bakin wuta a waje, bututu a ɗaya gefen, da wata hanyar da za a karkatar da hayaƙin girki idan zafi ya shigo.