Mu da Muka Raini Waɗannan Wasanni, Yau Mu Ne Abin Dariya a Shago

Ranar Asabar da ta wuce, a wani shagon kayan gem da ke kusa da Taminus a nan Jos, wani yaro da ba a ma haife shi ba lokacin da na fara riƙe hannun PlayStation ya ci mini mutunci a gaban ɗana, kuma laifina kawai shi ne na tambayi faifan Dragon Quest III, wanda aka sabunta aka fitar a watan Nuwamban 2024.

Na yi sallama bai amsa ba. Yana zaune a kan kujerar roba, kansa a duƙe kan waya, ƙafarsa ɗaya a kan kwalin kaya. Sai da na sake sallama sannan ya ɗago ya ce, "Oga, me ake so?" Na faɗa masa. Ya yamutsa fuska ya ce, "Ba ma ajiye irin waɗannan. Akwai ƙwallo, akwai na harbi, akwai na mota." Daga zaunen da yake ya miƙa hannu ya zaro Final Fantasy XVI ya jefa a kan gilashin kanta, ya ce in dai na labari nake so, ga shi nan. Na ce masa cikin mutunci, "Ƙanena, na san wannan. Irin na karɓa-karɓa nake nema, wanda mutum zai tsaya ya yi lissafi, ya zaɓi abin da kowane jarumi zai yi kafin a kai hari, domin ina so in koya wa yaron nan." Sai ya kwashe da dariya, ya leƙa waje ya kira abokinsa na shagon gyaran waya domin shi ma ya zo ya ji, sannan ya ce, "Baba, wato wanda za ka tsaya kamar gunki dodo ya gama jibgarka kafin ka rama? Ai wannan gem ɗin tsofaffi ne, an wuce wurin."

Na danne zuciyata na tambaye shi ko za a iya yi mini odar faifan. Ya ce sai na biya kuɗin duka a ranar, kuma idan dala ta motsa kafin kaya su iso zan cika. Na ce to, za a ba ni rasit? Ya mayar da kansa kan waya ya ce, "Ba ma ba da rasit. In ba saya za ka yi ba, ka ɗan matsa, kana tare mana kwastoma." Na waiwaya, babu kowa a bayana. Ɗana ya ja hannun rigata ya ce, "Abba, mu tafi," kuma muryar da ya faɗi hakan da ita ta fi duk maganganun yaron ƙona mini rai.

Abin da ya hana ni barci shi ne, maganar da yaron ya yaɓa mini ba tasa ba ce. Daga sama ta gangaro, daga masu yin wasannin da kansu, waɗanda suka shafe shekaru suna nuna cewa mu da muka raini waɗannan jerin wasanni mun zame musu kaya. Mu ne muka yi layi a gidajen gem na titin Bauchi da Dilimi, janareta na kuka a waje, muna raba memori kad ɗaya mu huɗu, ƙamus a gefe domin mu fahimci abin da Cloud da Sephiroth ke faɗa a Final Fantasy VII na 1997 mai faifai uku. Ba mu taɓa ƙin sabon abu ba. Tun da jerin Final Fantasy ya fara a Japan a 1987, kowane sabon kashi da duniyarsa da jarumansa yake zuwa, kashi na huɗu ya kawo ma'aunin lokaci a cikin faɗa a 1991, kashi na goma ya sake fasalin tsarin gaba ɗaya a 2001, kuma duk mun karɓa da murna. Mun karɓa ne domin ginshiƙin yana nan daram: tawagar jarumai a hannunka, kai ke yanke shawarar wanda zai yi magani da wanda zai kai sara, kuma nasara tana zuwa ne ta hanyar tunani, ba ta saurin yatsa ba.

Sai ga Final Fantasy XVI a 2023. Jarumi ɗaya, Clive, shi kake sarrafawa kusan daga farko har ƙarshe, kuma wanda ya tsara faɗan, Ryota Suzuki, mutum ne da ya yi aiki a kan Devil May Cry 5, wasan faɗa na saurin yatsa. Furodusan wasan, Naoki Yoshida, ya bayyana a hirarrakinsa cewa matasa da dama ba sa ganin daɗin zaɓen umarni a cikin faɗa. Ban ce wasan ba shi da kyau ba, yana da kyau a irin jinsinsa, amma abin ya yi kama da mai abincin da ta daina tuƙa tuwo ta koma shawarma, ta kuma bar allon tuwo a ƙofa domin tsofaffin masu ciniki su ci gaba da shigowa. Kuma idan aka tuna da mu, ta aljihu ake tunawa. Labarin Final Fantasy VII da muka gama a saye ɗaya, da aka zo sabunta shi sai aka tsaga shi gida uku: na 2020 bai fita daga birnin Midgar ba, na biyu ya fito a 2024 a kan PlayStation 5, wato sai ka sauya na'ura, sannan a sake biya a karo na uku kafin a ga ƙarshe.

Hujjar cewa an wuce wurin ma ba gaskiya ba ce. Dragon Quest XI ya riƙe karɓa-karɓa a 2017 ya kuma samu karɓuwa. Jerin Yakuza, wanda aka san shi da naushi da duka kai tsaye, ya koma karɓa-karɓa a 2020. Baldur's Gate 3 na kamfanin Larian na Beljiyam, shi ma mai karɓa-karɓa, ya lashe kyautar gwarzon wasan shekara a 2023, sannan wani ƙaramin kamfani a Faransa ya fitar da Clair Obscur: Expedition 33 a 2025, ya haɗa tsohon tsarin da kauce wa hari da karewa a daidai lokaci, duniya ta yi ca a kansa. Ana iya sabuntawa ba tare da an kori masu gida ba, kuma an yi an gani.

Amma da wane baki ɗan Najeriya zai shiga wannan muhawara, alhali an mayar da shi almajiri a harkar da yake biya da guminsa? Sabon wasa dala 70 ne. Kafin a saki naira a watan Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a 2024 ta haura naira 1,500, wato a lokacin faifai ɗaya ya zarce naira 100,000 a ƙasar da mafi ƙarancin albashinta naira 70,000 ne. Najeriya ba ta cikin jerin ƙasashen shagon PlayStation na intanet, don haka dole mutum ya buɗe asusu da adireshin Amurka ko Ingila ya sayi katin kuɗi a hannun 'yan tsakiya da riba a kai, kuma ban taɓa jin wani jami'in gwamnati ya ɗauki wannan a matsayin abin kunya ga ƙasa mai mutum fiye da miliyan 200 ba. Idan ka ce za ka sauke wasan ta intanet, manya-manyan sun wuce gigabait 100, ga shi a watan Janairun 2025 an amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari. Idan ka sha wannan, sai wuta. Wasan da ke buƙatar awa 60 ko 80 na natsuwa, yaya za a yi shi a unguwar da ake ɗauke wuta ana tsakiyar faɗa da babban dodo kafin a kai wurin ajiye ci gaba?

Su kuma jama'armu, da zarar ka buɗe baki sai a ce magidanci da gemu yana kuka a kan wasan yara, alhali mutanen nan su ne ke kwana gardama a kan ƙwallon Ingila ba wanda ya ce musu uffan. Wannan rainin ne ya ba masu shaguna lasisin ajiye yaran da ba a koya musu haba-haba da jama'a ba, su tsuga farashin da suka ga dama, su hana rasit, domin sun san babu hukumar da za ka kai ƙara ta saurare ka. Babbar kasuwar Jos ta ƙone tun 2002, gwamnatoci sun zo sun wuce kowacce da alkawarin sake gina ta, 'yan kasuwa suna warwatse a bakin titi babu tsari babu mai tsawatarwa. Gwamnatin da ta kasa ɗaga kasuwa guda a cikin shekara fiye da ashirin, ta kasa ba da wuta, ta kasa riƙe darajar kuɗinta, amma ba ta taɓa makara wajen turo masu karɓar haraji ƙofar waɗannan shagunan ba, ita ce ta bar mai saye a hannun duk wanda ya ga damar wulaƙanta shi.